Mata Biyu a Bangon Salaga

Ku yaran da kuke taruwa a ƙofar shagona kuna cewa Baba Isaka, aikin fenti ai ba wuya, a danna kwamfuta inji ya tofo hoto, ku matso ku ji. Ni firamare ma ban gama ba, kuma ba na son dogon surutu, bayana ciwo yake. Amma tun ina ɗan saurayi nake riƙe da buroshi, kuma in na ce muku abu kaza da wuya, to da wuya.

A Bawku na koya, wurin Masta Seidu, bayan tashar lori. Shekarun farko ban taɓa buroshi ba sai in wanke shi da kananzir. Aikina kankare tsohon fenti daga katakon lori da fasasshen gilashi, da wanke gwangwanayen madara da muke haɗa launi a ciki. Ƙananan buroshi ba saya muke ba. Gashin wutsiyar akuya muke yankowa, mu ɗaure da zare a bakin kara, mu gyara tsininsa da reza. In ka ɗaure shi da sanyin hannu, gashi zai bi fenti ya manne a fuskar mutum, Masta kuma ya manna maka mari.

Allon wani wanzami shi ne aikina na farko. Na zana shi da wanda yake yi wa aski, na ƙawata zanen iyakar iyawata. Masta ya zo ya sa tsumma ya goge. Ya ce, "Mai wucewa a kan babur ba ya tsayawa nazari. Kallo ɗaya zai yi, dole ya san waye maigida waye yaro." Ya koya min dokar sana'a. Babba ya fi tsawo. Babba a tsakiya ko a dama. Rigarsa ta fi haske, idonsa a kan mai kallo. Ƙarami a gefe, ido a ƙasa. Da wannan doka na zana alhazai da makiyayansu a jikin lori, na zana sarakuna da masu riƙe musu laima. Ba wanda ya taɓa dawo min da aiki.

Aikin coci ya shigo mana ne yadda kowane aiki ke shigowa, an zo an ce a rubuta allo. Ni Musulmi ne, kuma malamin unguwarmu ya taɓa tare ni a kan zanen mutane. Na ce Malam, Allah ya yafe mana, in za ka riƙa aiko min da masara yau zan daina. Bai aiko ba. Daga allo aka kai ga bango, a nan kuma na gane cewa a coci maza ke sa hannu a takarda, amma mata ke duba aiki. Kuma matan nan suna da nasu manya, matan farkon addininsu, waɗanda suke kiran sunansu kamar yadda mutum ke kiran kakarsa.

A Yendi, matan kasuwa 'yan zumuntar coci suka sa na zana musu wata Lidiya. Suka ce 'yar kasuwa ce, mai sayar da tufa mai tsada, launin shunayya, kuma ita ta buɗe gidanta ga baƙi masu wa'azi lokacin da ba wanda ya san su. Launin nan tsakanin shuɗi da ja yake, kuma mugun launi ne, rana na cinye jan ta bar maka shuɗi kamar na bokiti. Sai na sa ja a ƙasa ya bushe, sannan na bi da shuɗi mai ruwa-ruwa. Na zana ta hannu a haɗe tana addu'a, suka ce a'a. A buɗe mata hannu tana auna yadi da kamu, a ɗaura mata lalita a ƙugu. Wata ta ce min, "Masta, mu ba mu da lokacin barin kasuwa mu je neman Allah. Ita a kasuwa ya same ta." Ranar kasuwa matan nan kan dafa abinci su ba baƙon da ya rasa masauki, ko Kirista ko Musulmi. Ni ma na ci.

A Bawku kuwa Monika ce. Iyayen yaran da suka bi ƙwaya ko suka bi rigima su suka nemi a zana ta. An ce ɗanta ya gagare ta, ta yi shekaru tana masa addu'a har ya dawo ya zama babban malamin addininsu. Na zuba mata hawaye a kumatu, don na ji an ce ta yi kuka da yawa. Tsohuwar da ke shugabancinsu ta duba ta ce, "Kukan mun iya, ba sai an koya mana ba. Ka zana mata gwiwa." Na ɗage zanen kaɗan na yi mata gwiwa mai kanta, irin ta wadda ta daɗe a durƙushe. Kafin damina ta zagayo fentin gwiwar ya goge, don duk mai shigowa sai ta shafa. Daga nan na koyi cewa bangon mata, daga ƙasa zuwa inda hannu ke kaiwa, fenti mai mai ake sawa a ninka.

Sai mummunar shekara ta zo. Garin Bawku ya rikice, aka hana fita, lori suka daina shigowa, mai shago da bai san ko zai buɗe gobe ba ba ya neman allo. Lokacin ne kuma injin buga hoto ya iso, kowa ya koma can. Masta Seidu ya rasu a cikin wannan hali. Na kai iyalina garin Karaga wurin surukaina, na zuba buroshina a gwangwani na rufe, na tafi Salaga wurin wani ɗan'uwana da ke lodin doya. Ya samo min wuri a cikin masu ɗauka, in fara ranar kasuwa mai zuwa. Na san bayana ba zai kai ni nisa ba, amma ba wata ƙofa.

Ana haka wani katikis, wato mai koyar da addini a wata ƙaramar coci a bakin gari, ya ji an ce akwai fenta ɗan Bawku. Ya kai ni ya nuna min bangon waje, ƙarƙashin rumfar da mata ke taro. Ya ce mata biyu ake so, Pepetuwa da Filisita. A nan Afirka suka rayu, can arewa bakin teku, aka kashe su tare saboda sun ƙi barin addininsu. Ɗaya 'yar babban gida, ɗaya baiwa. Da na ji haka na ce ai an gama. Na shafe bango da farar ƙasa, na ɗauki gawayi na fitar da 'yar babban gida zaune a kujera da ƙaton ɗauri, baiwa a durƙushe gefenta riƙe da ƙwarya. Daga bakin hanya ma kana gane su.

Da yamma shugabar zumuntar matan cocin ta zo da mata kaɗan. Mama Agata sunanta, dillaliyar doya, gajeruwa mai murya kamar ta kwandasta. Matan suka tsaya suna kallon zanen. Ita ta yi magana.

"Fenta, wa ya ce maka ta durƙusa?"

Na ce, "Mama, ai baiwa ce."

"A gidan ubanka?"

Na ce haka ake zanawa, in ba haka ba mai kallo ba zai gane ba. Ta ce in sauko daga tsani. Ta zaunar da ni a benci ta ba ni labarin yadda su mata suke ba da shi, ba yadda katikis ya gutsura min ba. Pepetuwa na shayar da jariri aka kama ta. Ubanta ya yi ta roƙo, ya ce ki ji tausayin furfurata, ki faɗi kalma ɗaya a sake ki, ta ƙi. Filisita kuwa da tsohon ciki aka rufe ta, a kurkuku ta haihu. Ɗaki ɗaya suka kwana, aka fitar da su fili tare, aka sako musu muguwar saniya, suka yi sallama da juna kamar 'yan ciki ɗaya kafin takobi. Ta ce, "Tun daga ranar ba a kiran sunan ɗaya a bar ɗaya. Mai ciki a cikinmu su take kira. Wadda ɗanta ya mutu su take kira."

Sannan ta gaya min abin da ya sa suke son bangon. Ku kun san Salaga, kasuwar bayi ce a da, kuma har yau kowa ya san gidan da ya saya da gidan da aka sayo, ko da ba a faɗa. A wurin girkin wata jana'iza wata 'yar zumunta ta ce wa 'yar'uwarta ta cire hannu daga tukunya, kakarta da goro aka musanya ta. Daga ranar rabin mata suka daina zuwa.

Ta ce, "Ka zana su yadda ba mai iya cewa ga baiwa. In ka gama zan kawo Nna Memuna. In ta nuna, mu shafe bango, kai kuma ka je ka ɗauki doyarka. In ta kasa, akwai sauran bango, kuma ina da baki a cocin ƙauyuka."

Nna Memuna tsohuwa ce mai sayar da goro, Musulma, rumfarta na kusa da ta Mama Agata. Ita ake tambaya kafin a ba da aure. Ta dubi tafiyar mutum ta gaya maka ko kakansa da igiya ya shigo gari.

Na yi tsammani kwana biyu zan gama. Na ɗauko wurin da aka ce saniya ta kayar da su, ɗaya ta miƙa hannu ta ɗaga ɗaya. Na ga wannan ai zumunci ne tsantsa. Matan suka zo suka yi dariya. Wata ta ce, "Masta, mai ɗagawa ai ita ce uwar ɗaki, ko makaho ya san haka." Na goge.

Na tsayar da su kafaɗa da kafaɗa. Suka ce ta dama ce babba. Sai na juya su suna fuskantar juna, yadda ba wadda ke daman wata. Na auna tsawonsu da igiya, har ɗaurin kai. Launin fata a gwangwani ɗaya na haɗa, ja da rawaya da ɗan baƙi da ɗigon shuɗi, mai yawa yadda ba zai ƙare in sake haɗawa ya bambanta ba, don a nan ko ɗan haske kaɗan magana ne. Zane iri ɗaya na ɗaura musu. Ba tsage a fuska, ba 'yan kunne, ba takalmi. Duk da haka kullum sai sun samo min abu. Wannan wuyanta ya yi kauri, na mai ɗaukar kaya ne. Waccan diddiginta ya yi sumul, ba ta taɓa zuwa rafi ba. Idon wannan ya ɗan sunkuya. Abin da ya ba ni mamaki, ba da niyya nake yi ba. Hannuna ne ya saba, yana ba ɗaya girma ina kallo. Sai da na koma zana su tare, in na ja layi a wannan in ja irinsa a waccan kafin buroshi ya bushe.

Hannu ya fi ba ni wahala. In mutum biyu suka riƙe hannu, na wani ne a sama. Na gwada na gwada, daga ƙarshe na sa kowacce ta kama wuyan hannun 'yar'uwarta, irin riƙon da mata ke yi in za su ƙetare kogi a damina.

Saura 'ya'ya. In na sa goyo an san Pepetuwa ce, in na sa ciki an san Filisita ce. In na bar su haka kuma, matan suka ce na zana musu 'yan mata, su kuwa iyaye suke so. Akwai wata Rejina, matar da ba ta cika magana ba, ashe ba ta daɗe da binne jaririnta ba. Ita ta ce, "A ranar ai ba mai ɗa a hannu. An karɓe duka. Ka ɗaura musu majanyi ba goyo." Ta kwance nata ta nuna min yadda yake saki a baya in ba nauyi a ciki. Ta ce kuma gaban riga ya jiƙe, don nono bai san an ɗauke yaro ba.

Katikis ya ce wannan na nono bai dace da bangon coci ba. Mama Agata ta ce, "Katikis, kai da koko aka shayar da kai?" Na yi jiƙon da farin fenti da aka tsinka da kananzir, na bi da ɗan toka-toka a gefe.

Ranar kasuwa da la'asar aka kawo Nna Memuna a keke mai ƙafa uku. Labari ya riga ya zaga. Rumfa ta cika, har waɗanda suka daina zuwa sun zo, suka tsaya can gefe guda, waɗanda ba su daina ba kuma a nasu gefen. Kowa na son ya ga inda sandar tsohuwa za ta sauka. An ajiye bokitin farar ƙasa da tsintsiya a gindin bango, a gabana.

Ta sauko tana mita. "Agata, kin raba ni da ciniki don in kalli gumakanku?"

"Ba gumaka ba ne, Nna, iyayenmu ne. In idonki ya mutu ki faɗa, mu mayar da ke."

"Idona zai binne naki. Kai ne ɗan Bawkun? Kauce min."

Na kauce. Ta fara daga ƙasa kamar mai sayen akuya. Ta duƙa ta dubi diddige, ta dubi yatsun ƙafa. Ta miƙe ta dubi wuya, ta dubi kunne ko akwai huda, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa fenti tana neman tsage. Ta ja baya ta karkata kai. Ta ɗaga sanda wajen ta hagu, sai ta sauke. Ta tauna goronta. Ta sake ɗagawa, sandar ta tafi a hankali ta tsaya a kan majanyin ɗaya, sannan ta koma kan na ɗayar.

"Ina yaran?"

Mama Agata ta ce an karɓe su kafin a kashe iyayen.

"Na 'yar gidan dai danginta sun ɗauka. Ta baiwar fa, wa ya shayar?"

"Wata a cikin masu bi ta ɗauke ta, ta raine ta kamar ita ta haifa."

"'Yar gida ce ko baiwa?"

"Ba a faɗa ba, Nna."

Tsohuwa ta maimaita, "Ba a faɗa ba." Ta daɗe tana kallon jiƙon rigar nan. Sannan ta yi magana ba tare da ta juyo ba, amma kowa ya ji.

"Kakar uwata haka ta shigo garin nan. Majanyi a ƙugu, riga a jiƙe. A hanya aka yar da yaron don yana kuka. Kakanmu ya saye ta a kasuwar can. Uwata ta gaya min ranar da za ta mutu, ta ce kar in faɗa."

Matar nan shekara da shekaru ita ke raba wa gari asali.

Mama Agata ta ce a hankali, "To Nna, wacce ce baiwar?"

"Ke Agata, ba ki da kunya? Mace nono na zuba ki ce in duba miki asalinta? Ku kira min mai keke, gorona yana shan rana."

Mata biyu suka taso a tare za su riƙe ta, ɗaya daga wannan gefe ɗaya daga wancan, ta ture su duka ta ce ba ta gurgunce ba. Da keken ya tafi, Mama Agata ta sa ƙafa ta tura min bokitin farar ƙasar.

"Fenta, ɗauki ka shafe min bangon gabas, Maryamu Magadaliya za ta hau can. Kuma ka ji, waɗannan biyun kar ka rubuta musu suna a ƙasa."

Rubutu shi ne abin da na fi iyawa a duk sana'ata, amma ban rubuta ba. Na aika wa ɗan'uwana ya ba wani wurina a lodin doya, na ɗauki tsintsiya na nufi bangon gabas.